Ganin Kada Kusa da Kusa: Yadda Za Ka Shirya Tafiyar Ka Dawo da Gaɓoɓinka

Kada na cikin namun dajin da suka fi sauƙin gani. Sau da yawa ba ya tsorata ya ruga idan ya ji motsin mutum, ba ya kuma sa mai yawon buɗe ido ya yi kwana da kwanaki yana bin sawunsa. Yana nan kwance a bakin ruwa kamar gungumen itace, wani lokaci awa biyu ko uku ko ƙifta ido bai yi ba. Wannan kwanciyar ce ke ruɗin mutane, har su ɗauka dabba ce mai nauyin jiki da za a iya matsawa kusa da ita a ɗauki hoto. Alhali duk rayuwar kada a kan kwanton ɓauna take: ya yi lamo, ya jira, sannan ya kai cafka cikin ƙiftawa da bismillah.

Saboda haka tambayoyi biyu ne ke gaban duk wani shiri. Wane irin kada za ka je gani? Kuma me zai kasance tsakaninka da shi, jikin jirgi ne, gilashi ne, shinge ne, ko kuwa babu komai sai maganar ɗan jagora? Duk matakan da ke ƙasa daga waɗannan tambayoyin suka fito.

Mataki na farko: san irin kadan da ke wurin

Nau'o'in kada da danginsa sun haura 20, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Biyu daga ciki ne ke da alhakin mafi yawan kashe mutane. Na farko shi ne kadan ruwan gishiri, wanda ake samu daga gabashin Indiya, ta kudu maso gabashin Asiya, har arewacin Ostireliya. Shi ne mafi girma. Wani da aka kama a Filifin a 2011, aka sa masa suna Lolong, tsawonsa ya kai mita 6.17. Kar sunan ya yaudare ka, domin yana zama lafiya lau a koguna da fadamun ruwan daɗi, nesa da teku. Na biyu shi ne kadan Nilu na gabashi da kudancin Afirka, wanda manyan mazansa kan kai mita 5.

A yammacin Afirka akwai wani nau'in da aka daɗe ana ɗaukarsa kadan Nilu ne, sai binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2011 ya nuna jinsi ne mai zaman kansa. Bai kai na Nilu girma ba, kuma ya fi shi sanyin hali. Wannan ne ya sa ake iya matsawa kusa da shi har a taɓa shi a wasu tafkunan Gana da Gambiya, abin da babu mai hankalin da zai gwada a bakin kogin Mara na Kenya da Tanzaniya.

Sai kadan Amurka da ake samu daga kudancin Filorida zuwa arewacin Amurka ta Kudu, da aligeto mai faffaɗan baki, da gariyal na Indiya da Nefal mai dogon siririn baki, wanda kifi ne abincinsa kuma yana dab da ƙarewa a duniya. Idan kana son bambance kada da aligeto, dubi bakin a rufe: na kada za ka ga haƙoran ƙasa a waje, musamman babban haƙori na huɗu, na aligeto kuwa muƙamuƙin sama ya rufe su.

Mataki na biyu: zaɓi irin kusancin da kake so

Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, su ga hoto a intanet su ce wannan nake so. Ka tsaya ka duba zaɓin da kyau.

Jirgin ruwa a cikin gandun daji shi ne abin da zan fara ba kowa shawara, musamman mai tafiya da iyali. Kana ganin dabbar a muhallinta, tana yin abin da ta saba, babu wanda ya tsokane ta. A Yuganda akwai jirgin da ke tashi daga Paraa ya hau kogin Nilu zuwa gindin magangarar ruwa ta Murchison, tafiyar kimanin awa uku zuwa da dawowa, ana wuce manyan kadoji da dorinar ruwa a kan hanya. Akwai kuma mashigin Kazinga da ya haɗa tafkin Edward da na George. A Habasha, kusa da garin Arba Minch, tafkin Chamo yana da wani yashi da kadoji ke taruwa shan rana da yawa har ake kiran wurin kasuwar kadoji, ko da yake ba a saye ba a sayarwa. Kogin Chobe a Botsuwana da tafkin Saint Lucia a Afirka ta Kudu su ma haka. A Ostireliya akwai Yellow Water a gandun Kakadu da kogin Daintree a jihar Queensland. Mai son ganin gariyal kuwa sai ya nufi kogin Chambal a Indiya.

Na biyu shi ne kallo daga sama, daga gada ko dandamali. Gadar kogin Tarkoles a Kosta Rika ta yi suna a kan haka: ka tsaya ka leƙa, ga kadojin Amurka a ƙasa a shimfiɗe. Abin da ya fi haɗari a wannan gada shi ne manyan motocin da ke wucewa a bayanka, don haka idonka ya rabu biyu. A Cahills Crossing da ke gefen Kakadu an gina dandamalin kallo, inda kadoji ke jeruwa suna tarar kifi lokacin da ruwan teku ya turo ya haye mashigin.

Na uku, jiragen da ake sa kada ya yi tsalle. A kogin Adelaide, tafiyar kimanin awa ɗaya daga birnin Darwin na arewacin Ostireliya, ma'aikatan jirgi kan rataya nama a sanda, kada ya buga wutsiya ya taso daga ruwa har a ga ƙafafunsa na gaba, wani lokaci har na baya. Abin kallo ne ƙwarai, kuma yana nuna maka ƙarfin wutsiyar nan fiye da kowane bayani. Sai dai ana muhawara a kansa, domin dabbar da ta saba ganin jirgi yana kawo nama za ta riƙa haɗa jirgi da abinci. Masu wannan sana'a da izinin hukuma suke yi. Idan ka shiga, ka shiga da saninka.

Na huɗu, keji mai gilashi. A Crocosaurus Cove da ke tsakiyar Darwin ana sa mutum a cikin wani bututu mai kauri da ake gani ta cikinsa, a sauke shi cikin ruwan da babban kada yake, na kimanin minti 15. A garin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu ma ana yin makamancin haka. Ba za ka taɓa samun kusancin da ya fi wannan cikin aminci ba, har ɗigon baƙaƙen da ke leɓensa za ka ƙirga. Amma ka sani kadan da ke tsare ne, kuma idan ranar bai ga dama ba, sai ya kwanta a ƙasan ruwa ya ƙyale ka da kejinka.

Na biyar shi ne tafkunan da mutanen gari ke girmama kadojinsu: Paga a arewacin Gana kusa da iyakar Burkina Faso, Kachikally a garin Bakau na Gambiya, da Bazoulé da ke wajen birnin Wagadugu. A waɗannan wurare al'ummar ba ta kashe kada, ba ta cin namansa, kuma dabbobin sun saba da mutane tun kaka da kakanni. A Paga ɗan jagora kan kira kada da kaza mai rai, ya fito tudu, baƙo ya zagaya ta baya ya riƙe wutsiya ko ya tsuguna a bayansa a ɗauki hoto. A nan babu gilashi, babu shinge. Ra'ayina shi ne ka je, ka kalla, ka saurari tarihin wurin daga bakin masu shi, domin shi ne mafi daɗin ziyarar, amma hawa bayan kada ka bar shi. Sabo turken wawa ne. A Yamusukuro ta ƙasar Kwaddibuwa, mutumin da ya shafe shekaru da dama yana ciyar da kadojin tafkin da ke gefen fadar shugaban ƙasa, su ne suka hallaka shi a 2012. Idan wanda suka sani shekara da shekaru bai tsira ba, baƙon minti goma ba shi da wata alfarma.

Akwai kuma masu nutso cikin ruwa tare da kada ba keji, a wasu wurare na Meziko da Kyuba da fadamar Okabango ta Botsuwana. Wannan aikin ƙwararrun masu nutso ne da masu ɗaukar fim, ba na wanda ke buƙatar bayani irin wannan ba.

Mataki na uku: dace da lokaci

Kada ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, daga rana yake samun zafi. Wannan ne mabuɗin ganinsa. A watannin sanyi, ruwa ya yi sanyi, dole ya fito ya sha hantsi, sai ka gan shi gaba ɗaya daga baki zuwa wutsiya. A lokacin tsananin zafi kuwa yana cikin ruwa, ido da hanci kawai za ka hanga. Rani ma yana taimakawa, saboda ruwa ya janye, yashi ya bayyana, dabbobin sun taru a 'yan wuraren da suka rage. A arewacin Ostireliya rani yana kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, kuma Yuni da Yuli sun fi sanyi. A kogunan da ruwan teku ke shiga yana fita, kamar Daintree, ka tambayi lokacin janyewar ruwa, don a lokacin ne taɓon gaɓa ke fitowa kadoji su hau.

Mai son ganin farauta sai ya nufi kogin Mara, tsakanin Kenya da Tanzaniya, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da garken namun daji ke ƙetarewa. Ana kallo daga cikin mota, kuma sai da haƙuri, domin garken kan taru a gaɓa awanni sannan ya fasa.

Fita da dare wani abu ne daban. Ana haska ruwa da tocila mai ƙarfi, idanun kada su mayar da haske ja. Wurin da ka wuce da rana ka ce babu komai, da dare sai ka ga jajayen idanu birjik. Wanda ya taɓa ganin haka ba ya ƙara amincewa da ruwan da ya kwanta shiru.

Mataki na huɗu: tantance masu shirya tafiyar

Kafin ka biya ko sisi, ka yi tambaya. Suna da izinin hukumar gandun dajin? Jirgin yana da rigunan ceto da suka isa kowa, har da girman yara? Mutum nawa yake ɗauka, kuma gefensa yana da tsayi ko ƙarfen kariya? Ana ciyar da dabbobin ko ba a yi? Akwai kayan taimakon gaggawa da hanyar kiran taimako inda waya ba ta kamawa? Asibiti mafi kusa yana ina? Mai gaskiya zai amsa ba tare da ɓata rai ba. Wanda ya ce maka kadojinsu ba sa cizo, ko ya yi alƙawarin zai kai ka inda sauran ba sa kaiwa, ka gode masa ka nemi wani.

Ka guji ƙaramin kwale-kwale mai tangal-tangal a ruwan da ke da kadan Nilu ko na ruwan gishiri, musamman inda akwai dorina, wadda kan kifar da jirgi. Idan za ka shiga keji, tambayi ƙa'idar shekaru da ta lafiya tun kafin ranar.

Sauran shirin irin na kowace tafiya ne: biza, inshorar da ta ƙunshi jinyar gaggawa, shawarar likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, da katin rigakafin cutar shawara da ƙasashe irin su Gana da Yuganda ke nema. Ka kuma bincika halin tsaron yankin kafin ka tsayar da rana, musamman idan Burkina Faso ce.

Mataki na biyar: kayan da za ka riƙe

Madubin hangen nesa da kyamara mai jawo abu kusa, su ne za su ba ka kusancin da ƙafarka ba za ta ba ka ba. Sai tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, hula, ruwan sha, maganin sauro, da takalmi mai rufi wanda ba ya santsi. Ka ɗaura igiya a waya da kyamara. Abin da ya faɗa ruwa ya tafi, kar ka miƙa hannu.

Mataki na shida: yadda za ka kama kanka a ranar

A cikin jirgi dokar ɗaya ce: babu wani sashe na jikinka da zai wuce gefen jirgi. Ba hannu, ba gwiwar hannu, ba kai, ba sandar ɗaukar hoto. Kar ka riƙa wasa da ruwa da yatsu. Waɗancan ɗigon baƙaƙen da ke leɓen kada na'urorin ji ne, suna kama ƙanƙanin motsin ruwa ko da ido bai gani ba. Idan aka hango kada a gefe ɗaya, kar kowa ya tashi ya ruga can, jirgi zai karkata. Yara su zauna a tsakiya, babba yana riƙe da su.

Hawa jirgi da sauka su ne lokacin da aka fi sakaci, ana hira ana neman jaka. Ka shiga ta kan dandamali, kar ka taka ruwa ko da iya idon sawu ne.

A tudu, hukumomin arewacin Ostireliya suna shawartar mutane su tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, kuma wannan ma'auni ne mai kyau a ko'ina. Dalilin shi ne kada ba ya bin abin farauta da nisa a ƙasa. Ƙarfinsa duka yana cikin zaburar farko daga ruwa, wadda wutsiya ke tunkuɗawa. Babban kada na iya ɓuya a ruwan da bai kai gwiwa ba idan ya gurɓace, kuma yana iya zama a ƙasa fiye da awa ɗaya bai fito shan iska ba. Wato wanda kake kallo a kan yashi da sauƙi. Wanda ba ka gani ba shi ne abin tsoro.

Kar ka juya wa ruwa baya don ɗaukar hoton kanka, kar kuma ka tsuguna a gaɓa wanke hannu, domin tsuguno yana mayar da kai daidai girman abin da yake kamawa. Kar ka shiga tsakanin kada da ruwa: idan ya firgita ruwa zai nufa, ko da ta kanka ne. Idan zango kuka yi na kwanaki, a kafa tanti nesa da gaɓa sosai, kar a zubar da ragowar abinci a ruwa, kar kuma a riƙa ɗiban ruwa a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kullum, domin kada yana lura da al'ada ya jira. Asuba, magariba da dare su ne lokutan da ya fi farauta. Rashin allon gargaɗi kuma ba shaida ba ce cewa ruwan babu kada. Ba a iyo sai inda hukuma ta ce a yi.

Jefa wa kadan daji abinci laifi ne a wurare da dama, ciki har da Queensland. Ko inda babu doka kar ka yi. Kai ka tafi gida, amma masunta da masu wanki na wurin su ne za su zauna da dabbar da ka koya wa kusantar mutane.

Idan an miƙa maka ɗan kada ka riƙe a gidan ajiye dabbobi, tallabe shi da hannu biyu, kar ka matse, ka mayar da shi da wuri, sannan ka wanke hannu da sabulu, saboda dabbobi masu rarrafe na ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa.

Mataki na bakwai: abin da za ka sa wa ido

Yawancin baƙi hoto ɗaya suke ɗauka su ce a wuce. Ka roƙi mai jirgi ya kashe inji ya ɗan dakata. Kadan da ya wangale baki yana kwance, galibi zafi yake fitarwa. Leƙa can cikin bakin da madubinka, ba za ka ga maƙogwaro ba, wata fata ce ta rufe shi, ita ke ba shi damar buɗe baki a cikin ruwa ba tare da ya shaƙe ba. Idan kai kawai ya fito, kimanta tsawon kan ka ninka sau bakwai, za ka samu kusan tsawon dabbar. Dubi taɓon gaɓa, za ka ga santsin inda ciki ya zame da zanen wutsiya a tsakiya, alamar cewa wurin yana da mai shi.

Idan ka ji huci ko gurnani, ko ka ga ya ɗaga jiki a kan ƙafafunsa, an matsa masa da yawa, a ja da baya.

Lokacin ƙwai ya fi kowane lokaci buƙatar hattara. Macen kadan Nilu rami take tonawa a yashi, ta ruwan gishiri kuwa tulin ciyawa da taɓo take yi da damina. Kusan wata uku take gadi. Zafin sheƙar ne ke yanke ko 'ya'yan za su fito maza ko mata. Idan suka fara kuka daga cikin ƙwai, uwar ta tone su ta kwashe a baki zuwa ruwa. In ka ga ƙananan kadoji a gefen ciyawa, ka tabbata uwarsu na kusa, kuma kukan ɗaya daga cikinsu ya isa ya kirawo ta.

Mataki na takwas: idan abu ya ɓaci

Idan kada ya nufo ka a tudu, ka gudu kai tsaye, nesa da ruwa. Maganar a riƙa gudu ana karkacewa hagu da dama ba ta da tushe, ɓata lokaci ce, domin yana saurin gajiya kuma ba ya bi da nisa. Idan ka faɗa ruwa, kar ka yi ta fantsama da ihu, ka nufi jirgi ko gaɓa mafi kusa cikin natsuwa da sauri. Idan ya kama mutum, a kai hari idanunsa da duk abin da ke hannu, nan ne ya fi jin zafi. Ƙoƙarin ɓanɓare bakin da hannu ba ya aiki. Da zarar ya saki, a janye mutumin nesa da gaɓa, a danne raunin da tsumma mai tsabta don tsayar da jini, a nufi asibiti. Ko da raunin ƙarami ne sai likita ya gani, saboda bakin kada cike yake da ƙwayoyin cuta kuma cizon yana saurin ruɓewa.

Mataki na tara: tsaraba

A bakin irin waɗannan wurare za a tallata maka ɗamara, jaka, haƙori ko busasshen kan kada. Cinikin fatar kada tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma ƙasashe da yawa na neman takardar izini kafin a fita ko a shiga da irin waɗannan kaya. Ka tambayi mai sayarwa takardar da ke nuna daga gonar kiwo mai rajista kayan suka fito, ka kuma duba dokar ƙasar da za ka sauka tun kafin ka saya. In babu takarda, jami'an kwastan na iya ƙwace kayan a filin jirgi, wani wurin har da tara.